Wa Ya Goge Sunan Yaron?

A harkar ƙwallon matasa a yankinmu, tun daga Mungadi da Maiyama har Jega da Aliero, akwai wani hukunci da ake yankewa babu alƙali, babu shaida, babu takarda. Hukuncin shi ne goge suna. Yaro zai shekara yana zuwa atisaye, ya sha rana, ya sha ƙurar hunturu, ya sayi takalmin ƙwallo da kuɗin da ya samu a kwadagon albasa. Ranar da aka fitar da jerin waɗanda za su tafi gasa ko gwaji, sai ya duba sama ya duba ƙasa, babu sunansa. In ya yi ƙarfin halin tambaya, amsa uku ce ke jiransa: koci ne ya ga dama, ko daga sama aka ce, ko kuma ba rabonka ba ne. Ta ukun ta fi ci mini rai, domin da ita ake ɗaukar aikin da ɗan Adam ya yi da biro a rataya wa ƙaddara.

Abin da nake cewa a fili yake. Duk wanda ya tara yara da alƙawarin ƙwallo, ko na karatu, ko na fita waje, to ranar da zai sallami ɗaya daga cikinsu wajibi ne ya faɗa masa dalili, ya rubuta, ya sa hannu. Mun daɗe muna yi wa yaran huɗubar ladabi da biyayya. Lokaci ya yi da za a tambayi masu riƙe da biro, su kuma wa suke yi wa bayani?

Wani zai ce ai wasan yara ne, me ya yi zafi. Wanda duk ya faɗi haka bai san Jega ba. A garin aka haifi Zaidu Sanusi a 1997, a nan ya fara taka leda kafin ya tafi Fotugal, ya bi ta Gil Vicente da Mirandela da Santa Clara, har FC Porto ta ɗauke shi a 2020. Ranar 7 ga Mayu 2022 shi ya ci ƙwallon da ta ba Porto nasara a gidan Benfica, ta kuma tabbatar mata da kofin ƙasar. Yana cikin 'yan Super Eagles da suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan a watan Fabrairun 2024. Tun daga nan babu uban da zai iya ce wa ɗansa a wannan yanki ƙwallo ba ta kai mutum ko'ina. Yaro ya ga wanda ya sha ruwan garinsu a talabijin, ya ji ana kiran sunansa a gidan kallo. Burin ya zama na gaske, kuma duk inda buri ya zama na gaske, masu cin kasuwarsa ba sa nisa.

To da me yaron yake biya? Da shekarunsa. Tsakanin sha uku da sha tara, lokacin da sa'o'insa ke zana jarrabawar kammala sakandare, ko koyon ɗinki, ko zama a rumfar ubangida a kasuwar Jega, shi yana fili. Iyaye kan sayar da buhun albasa ko tunkiya su biya kuɗin fom, kuɗin mota, kuɗin fasfo. Idan aka goge sunansa yana da shekara sha tara, ba wasa ɗaya ya rasa ba. Ya dawo gida ba takardar makaranta, ba sana'a, ba kuma wata shaida a hannunsa da za ta nuna ya taɓa zama ɗan wata ƙungiya. Sai jita-jita ta ɗauka: wai ƙwaya yake sha, wai ya zagi koci, wai shekarunsa sun wuce. Shirun da aka yi masa shi ne ya ba kowa damar cike gurbin da abin da ransa ya so.

Masu tallar gwaji suna son kalmar sikolashif, suna kuma son ambaton Amurka, don haka bari mu duba yadda abin yake a can. A jami'o'in Amurka ana ba ɗalibi karatu da masauki da abinci kyauta saboda ya iya wasa, musamman irin ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita. 'Yan Najeriya ma sun bi wannan hanya. Hakeem Olajuwon ya je Jami'ar Houston a 1980 ya yi suna a ƙwallon kwando. Christian Okoye, mutumin Inugu, ya je Azusa Pacific a matsayin ɗan wasan jifa, ya koma ƙwallon Amurka, har ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. Amma kada a ɗauka can aljanna ce. A 1973 hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta mayar da tallafin na shekara ɗaya-ɗaya, wato koci na iya ƙin sabunta wa yaro idan ya samu wanda ya fi shi. Kusan shekara arba'in aka yi a haka kafin a sake halatta tallafin shekaru da yawa a 2012. A 2015 ne manyan rukunonin jami'o'i biyar suka amince cewa ba za a ƙwace wa ɗalibi tallafi don kawai wasansa ya ja baya ba. Har gobe kuma ana wayar gari a ga an cire ɗan wasa, a ce ya saɓa dokar ƙungiya, a ja baki a yi shiru, ana fakewa da dokar sirrin ɗalibai ta 1974.

Duk da haka akwai abu ɗaya da suka kafa wanda mu ba mu ko fara tunaninsa ba. A ƙa'idar NCAA, dole jami'a ta sanar da ɗalibi a rubuce, kafin 1 ga Yuli ta wuce, ko za ta sabunta masa tallafi ko ba za ta sabunta ba. Idan ta rage ko ta janye, yana da 'yancin a saurare shi, kuma ba sashen wasanni ne zai zauna a kujerar alƙali ba. Duniya ba lallai ta ji dalili ba, amma shi yaron zai samu takarda, zai kuma samu ƙofar da zai buga. Ba kirkin koci ne ya kawo wannan ba. Ƙorafi da shari'a da matsin lamba na shekaru ne suka tilasta shi. Mu a nan mun aro sunan sikolashif, mun bar musu takardar da ke ba sunan ma'ana.

Kada kuma a ce ƙananan kulob na ƙauye nake yi wa sharri. Daga sama ruwan ya gurɓace. A 2018 shirin binciken ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya nuna Salisu Yusuf, ɗaya daga manyan kociyoyin Super Eagles a lokacin, yana karɓar dala 1,000 daga mutanen da suka zo masa a matsayin wakilan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, kuma ba ta shafi zaɓen da ya yi ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta dakatar da shi shekara ɗaya, ta ci shi tarar dala 5,000. Ko ma mene ne ke cikin zuciyarsa, darasin da kowane yaro ya ɗauka shi ne akwai wata ƙofa ta shiga jerin sunaye wadda ba ta cikin fili. Kuma duk sunan da ya shiga ta wannan ƙofa, wani suna ne ya fita ya ba shi wuri.

A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba FC 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro FC 67 da nema, a rana ɗaya. An haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa ƙwallo har abada, an dakatar da ƙungiyoyin shekara goma. Ku tambayi kanku, yaron da aka sa ya tsaya a raga yana kallon ƙwallo na wucewa sau saba'in, shi ya shirya cinikin? Da zai ce a'a, washegari da sunansa yana nan?

Yanzu bari in juyo kan yaran da iyayensu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rage shekaru ya zama ruwan dare. Ɗan shekara ashirin da biyu zai je a yi masa takardar rantsuwa ya koma sha shida, uba ya sani, koci ya sani, mai unguwa ya sani. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin shekaru bai taɓa barinmu ba. A gasar 2009 da aka yi a ƙasar nan FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu na na'urar MRI don tantance shekaru. A Agustan 2016 'yan wasa 26 na Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya. Wanda ya rage shekarunsa ya ci amanar ƙaninsa na gaskiya mai sha biyar, wanda aka ce masa ya yi ƙanƙanta. Haka wanda ke tsallake atisaye, da mai shaye-shaye, da wanda ya ci kuɗin ƙungiya ya gudu wata ba sallama. Waɗannan duk laifi ne, kuma a hukunta su.

Sai dai ku lura da wani abu. Yara 26 ɗin nan, duk ɗacin abin, sun san me ya fitar da su. Akwai gwaji, akwai sakamako, akwai abin da mutum zai iya amincewa da shi ko ya musanta. Hukunci ke nan. Goge suna a ɓoye kuwa ba ya gyara kowa. Mai laifi ba a ce masa ga laifinka ba, balle ya tuba. Marar laifi an haɗa shi da mai laifi a kwando ɗaya. Sauran yaran da suka rage kuma ba su koyi cewa makara ko ƙarya na jawo kora ba. Abin da suka koya shi ne a san wanda za a durƙusa wa. Da haka muke yaye 'yan wasa masu tsoron koci fiye da son gaskiya, sannan mu dawo muna mamakin 79 da nema.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce shirun sutura ce. Idan yaro ya yi abin kunya, ba mu da al'adar tallata shi a kasuwa, gobe zai nemi aure, ubansa mutumin kirki ne. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ba na neman a karanta laifin kowa a rediyo ko a watsa shi a Facebook. Amma sutura tana nufin a ɓoye wa duniya, ba a ɓoye wa mai abin ba. A kira yaron da mahaifinsa ko waliyyinsa, a rufe ƙofa, a ce ga dalili, ga shi a rubuce, kwafi ɗaya naku ɗaya namu. Idan shi kansa wanda aka kora bai san dalili ba, to ba asirinsa ake rufawa ba, asirin mai korar ake rufawa.

Za a kuma ce koci shi ya san aikinsa, ba zai yiwu ya riƙa kare kowane zaɓi a gaban kwamiti ba. Gaskiya ne. Wanda zai fara wasa da wanda zai zauna a benci hurumin koci ne, ba ruwan kowa. Kuma na san yawancin masu horar da yara a garuruwanmu ba albashi suke ɗauka ba, daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan leda, wasu har kuɗin mota suke biya wa yaran. Su ma takarda kariya ce gare su. Kocin da ya sallami yaro don ƙafarsa ba ta kai ba, ya rubuta haka, ba wanda zai zo gobe ya ce ya ci kuɗin wani. Kocin da ɗan siyasa ya aiko masa da sunan ɗan yayarsa a kofin ciyaman zai samu abin fakewa, ya ce ranka ya daɗe, in na cire wancan sai na rubuta dalili na sa hannu, me zan rubuta? Wanda kawai takarda ke cutarwa shi ne mai dalilin da ba ya rubutuwa.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a wannan aiki akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita. Duk manhajar da ke riƙe da kuɗi ko sunayen mutane, ana gina ta ne yadda ba abin da zai ɓace ba sawu. In aka goge layi ɗaya, akwai kundin da ke rubuta wanda ya goge, da ranar, da sa'ar. Mai POS a bakin tasha ma yana ba ka rasit a kan naira dubu biyu. Ɗan kasuwar albasa a Aliero ya san buhu nawa ya ɗora a mota, da sunan direba, da wanda zai karɓa a Legas. Buhun albasa yana da takarda, shekara biyar na rayuwar yaro ba su da ita. Mu ne kuma al'ummar da aya mafi tsawo a Littafinmu, ta 282 a Suratul Baƙara, take umartar a rubuta bashi a kafa shaidu. Alƙawarin da aka yi wa yaro cewa bar komai ka zo, za mu kai ka, in ba bashi ba ne, mene ne?

Rashin rubutu ma asarar kuɗi ce ga su kansu masu ƙungiyoyin. A dokar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga shekarar da ya cika 12 har wadda ya cika 18 tana da kashi biyu da rabi cikin ɗari na cinikin. A cinikin yuro miliyan ɗaya, yuro 25,000 ke nan. Ku auna ƙwallo nawa, jesi nawa, kuɗin makarantar yara nawa ke cikin wannan. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke biyan irin waɗannan kuɗaɗe kai tsaye, yana bin tarihin rajistar ɗan wasa da ke cikin kwamfuta. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ba, ba ta kuma yi wa yaranta ba, a idon wannan tsari ba ta taɓa rainon kowa ba. Iyaye kuma su riƙe wannan: dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Duk dillalin da ya ce zai kai ɗanka mai sha biyar kulob a Turai in ka kawo kuɗin biza, ka ce ya nuna maka lasisinsa da wasiƙar kulob ɗin, ka ga yadda zai tuna yana da uzuri.

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ke buƙatar kasafin gwamnati a ciki. Kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, ta buɗe rajista, ko a littafin naira ɗari biyar ko a waya: sunan yaro, ranar haihuwarsa ta gaskiya, ranar shigarsa, sunan waliyyinsa. Dokokin ƙungiya su kasance a rubuce tun ranar farko, a karanta wa yaro da ubansa da Hausa, kowa ya san abin da ke jawo gargaɗi da abin da ke jawo kora. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan fom ko gwaji ko tafiya, a ba da rasit. Duk wanda aka sallama, a ba shi takardar da ta faɗi dalili da tsawon zamansa, don ya nuna wa wata ƙungiya. A kowace ƙaramar hukuma a samu mutum uku da ba su cikin ƙungiyar, ko da malamin makaranta ne da limami da tsohon ɗan wasa, waɗanda yaro zai iya kai wa kuka. Masu shirya kofuna kuma, daga kansila zuwa ɗan majalisa, su ƙi karɓar ƙungiyar da ba ta da wannan rajista.

Sai batun karatu, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Wasannin jami'o'in Najeriya na NUGA suna nan tun 1966, an kuma fara gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL a 2018. Wato hanyar haɗa ƙwallo da digiri ba sai an haye teku ba. Duk mai hali ko ɗan siyasar da ke son taimakon matasa da gaske, maimakon babur ga wanda ya fi cin ƙwallo, ya biya wa yara biyar kuɗin jarrabawa da na rajistar makaranta. Amma ya rubuta sharaɗi ɗaya a ciki: tallafin na karatu ne, ba ya faɗuwa don gwiwa ta goce ko don koci ya canza ra'ayi. Aliero ta yi suna da masu ɗori, sun san ƙafa nawa ƙwallo ta kawo musu. Yaron da karatunsa ke rataye a ƙafarsa, tsalle ɗaya ne tsakaninsa da komawa gida hannu rabbana.

Cikin yara dubu da ke gudu a filayenmu da yamma, waɗanda za su ga Turai ba su taka kara sun karya ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ƙwallo take a ko'ina. Mafi yawansu za a sallame su wata rana, don haka yadda ake sallamar ta fi shafar jama'a fiye da yadda ake ɗauka. Iyaye, kafin ku sayar da tunkiya, ku ce a nuna muku dokar ƙungiya a rubuce. Yara, ku faɗi shekarunku na gaskiya, ku zo atisaye a kan lokaci, sannan ranar da aka cire sunanku ku tambayi dalili da ladabi, ba tare da jin kunya ba. Ku kuma masu biro, in dalilinku mai kyau ne, rubuta shi ba zai ɗauke ku minti biyar ba.